Dokin da ke ɗingishi da allurar da ake cewa tana sabunta gaɓa

Kwana uku bayan hawan ƙaramar Sallah na je gaida kawuna a Argungu, na tarar da bikilinsa tsaye a turke ya sassauta ƙafar gaba ta hagu, bakin kofaton kaɗai ke taɓa ƙasa. Dattijon da ke kula da shi, wanda tun muna yara Baba muke ce masa, yana tsugune yana murza masa man kaɗe a gaɓar nan mai tudu da ke ƙasan ƙauri, wadda zan kira idon sawu. Ya kamo hannuna ya ɗora a wurin. Akwai ɗumi, da na ɗan danna kuma sai na ji ruwa na kai da kawo a ƙarƙashin fata kamar ƙaramar salka.

Ya ce, "Ka jiya ko, ɗana? Wagga ƙahwa ta daɗe tana yi mai gardama. In ya kwana shi tashi a sandare, sai ya taka kaɗan kana ta sake."

Muna nan sai ga babban ɗan kawun nawa da waya a hannu. Wani bidiyo aka turo masa ta WhatsApp: likitan dabbobi a wata ƙasar Turai yana soka allura a gaɓar doki, can gaba kuma a nuno dokin yana tsallake shinge. Sunan abin wai sitem sel. Tambayarsa ɗaya ce, a ina za a saya, domin babbar Sallah saura kwana sittin da 'yan kai, kuma Alhaji ba ya son hawa wani dokin in ba wannan ba.

Tambayar ta cancanci amsa ta gaskiya, domin allurar ba tatsuniya ba ce. Akwai ta, hukumomi sun ba ta lasisi, wasu dawakin sun amfana. Sai dai abin da take yi daban, abin da bidiyon ke sa mutum ya zata daban, kuma sai an fahimci gaɓar kanta kafin a ga bambancin.

Duk wanda ya taɓa fasa ƙafar saniya ya san abin da ke ciki. Kan kowane ƙashi a lulluɓe yake da guringuntsi, fari mai sheƙi da santsi, tsakaninsu kuma akwai wani ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa. Su biyun nan ne ke sa ƙashi ya zame a kan ƙashi ba tare da gogayya ba. Ƙafafun gaba na doki su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa, kuma a lokacin sukuwa akwai ɗan lokacin da nauyin gaba ɗaya, har da na mahayi da sirdi da kayan ado, ke sauka a kan ƙafa guda, idon sawun ya lanƙwashe har ya kusa shafar ƙasa. Duk wannan dukan, guringuntsin da kaurinsa bai wuce 'yan milimita ba shi ke shanye shi.

Matsalar guringuntsi ita ce ba shi da hanyoyin jini. Fata in ta yanke jini ke kawo mata kayan gyara, ƙashi ma in ya karye haka, shi ya sa ɗori ke kamawa. Shi kuwa guringuntsi daga ruwan gaɓa yake cin abinci, kamar soso: doki ya taka ya matse shi, ya ɗaga ƙafa ya tsotsi sabon ruwa. Tun a 1743 wani likita a Landan mai suna William Hunter ya rubuta cewa guringuntsi in ya lalace ba ya komawa yadda yake, kuma har yau maganar tasa ba ta faɗi ba.

Amosanin gaɓa yakan fara ne a ɓoye. Yawan duka ya jawo 'yan tsage-tsage, wani lokacin ɗan ɓallin ƙashi ya faɗa cikin gaɓar. Fatar da ta lulluɓe gaɓar daga ciki sai ta fusata, ta kumbura, ta riƙa zubo wasu sinadarai masu narkar da guringuntsi. Ruwan ya yawaita amma ya tsinke, yauƙinsa ya tafi. Guringuntsin da ya narke ya ƙara fusata fatar, ita kuma ta ƙara zubo sinadaran. Haka abin zai yi ta zagayawa har ƙashin da ke ƙasa ya yi tauri, ya fara tsirar da ƙaho-ƙaho a gefe, daga ƙarshe ƙashi ya koma gogar ƙashi. Likitocin dawaki sukan ƙiyasta cewa wannan ciwo shi ke bayan kusan kashi 60 cikin 100 na ɗingishin da suke gani. Abin da Baba ya faɗa, tashi a sandare sannan ƙafa ta sake bayan ɗan tattaki, yana cikin sanannun alamunsa.

Magungunan da aka saba da su duk a kan zafi da kumburi suke aiki. Akwai fenilbutazon, wanda masu dawaki ke taƙaita sunansa su ce buta. Yana kashe raɗaɗi sosai, amma in aka daɗe ana bayarwa yana jawo gyambon ciki da na hanji, yana taɓa ƙoda, musamman ga dokin da bai sha ruwa ya ƙoshi ba. Akwai allurar sitiroid da ake yi a cikin gaɓa, mai saurin kwantar da kumburi, wadda in aka yawaita wani nau'inta shi ma yana raunana guringuntsin. Akwai kuma namu na gado, lalas da sakiya. Ba mu kaɗai muka yi wannan ba, Turawa ma sun shafe ƙarnuka suna ƙona ƙafar doki da jan ƙarfe. Da aka zo aka auna sai aka ga wutar ba ta gyara komai a ciki. Dogon hutun da ƙunar ke tilasta wa mai doki ya bayar, shi ne ke kawo sauƙin da ake gani.

To ina sitem sel ɗin nan, wato ƙwayoyin tushe, suka shigo?

Jikin kowace dabba an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace da sana'arta: ta fata, ta tsoka, ta jini. Amma akwai wasu 'yan kaɗan da ba su riga sun kama sana'a ba, suna nan a ajiye a cikin ɓargo da kitse da jini da igiyar cibiya. In aka ciro su aka rene su a ɗakin gwaje-gwaje, suna hayayyafa, kuma ana iya juya su su zama ƙwayoyin ƙashi ko na kitse ko na guringuntsi. Su ne nake kira ƙwayoyin tushe. Bari in kawar da wani shakku tun da wuri: waɗanda ake yi wa dawaki ba daga ɗan tayi ake samo su ba, irin waɗanda aka yi ta taƙaddama a kansu a Amurka. Daga jikin doki mai rai da lafiya ake ɗibarsu, ko daga cibiyar da aka yanke bayan goɗiya ta haihu.

A hanyar farko da aka fara bi, dokin da ke ciwo shi ke ba da nasa. A ba shi maganin kwantar da jiki, a kashe wurin, a soka allura mai kauri a ƙashin ƙirji ko na kwatangwalo a zuƙo ɓargo. A kai ɗakin gwaji a rene shi mako biyu zuwa huɗu har ƙwayoyin su kai miliyan goma ko ashirin, sannan a dawo da su a zuba inda ciwon yake. A 2003 Farfesa Roger Smith na Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Sarauta da ke Landan da abokan aikinsa suka wallafa rahoton yin haka ga dokin da agararsa ta yage. A kan agara sakamakon ya ƙarfafa gwiwa: daga baya aka bi dawakin tsere da aka yi wa, aka ga ciwon bai cika dawo musu ba kamar yadda aka saba gani. Daga nan sai kowa ya ce, tunda ta yi wa agara, bari a gwada a gaɓa.

Tunanin lokacin mai sauƙi ne, kuma shi ne har gobe ake tallatawa. Wai ƙwayoyin magina ne: ka zuba su a gaɓa, su nemi inda ya zaizaye su manne, su zama sabon guringuntsi, kamar mai yaɓe ya zo ya toshe inda damina ta ci katanga.

Gwaji bai nuna haka ba. A 2009 masu bincike a Jami'ar Jihar Kolorado ta Amurka, ƙarƙashin David Frisbie, suka ɗauki dawaki 24, suka haddasa musu amosani a gwiwar gaba da gangan ta hanyar ɓalle ɗan ƙashi. Suka kasa su uku: wasu aka yi musu ƙwayoyin ɓargo, wasu na kitse, wasu kuma allurar da ba magani a ciki. Da aka duba, ɗingishi da yanayin guringuntsi ba su bambanta a zo a gani ba. Abin da ya fito fili shi ne raguwar wani sinadarin kumburi a ruwan gaɓar waɗanda suka samu na ɓargo. Masu binciken da kansu suka ce wannan bai isa a shawarci mutane su yi ba. Wasu gwaje-gwajen da suka bi sawun ƙwayoyin bayan an zuba su sun nuna cewa kaɗan ne ke zama. Yawancinsu cikin kwanaki ko makonni sun ɓace.

Amma kuma dawaki da yawa suna samun sauƙi bayan allurar, wani lokacin har tsawon watanni. Ta yaya abin da bai zauna ba zai yi aiki? Amsar da masana suka fi karkata gare ta yanzu ita ce ƙwayoyin ba magina ba ne, masu sulhu ne. Ka ɗauka gida ne ya rikice, kowa na jifan kowa, ana fasa tukwane. Sai dattawan unguwa suka shigo, suka yi magana da wannan, suka ja kunnen wancan, wuta ta lafa, suka kama hanyarsu. Ba su ɗinke tukunyar da ta fashe ba, amma sun hana a fasa sauran. Haka ƙwayoyin ke yi: suna jin kumburi, sai su saki nasu sinadaran da ke lallashin garkuwar jiki da fatar cikin gaɓa, narkewar guringuntsi ta ragu, zafi ya sauka. Arnold Caplan, masanin da a 1991 ya raɗa wa wannan nau'in sunan da aka san shi da shi a Turance, mesenchymal stem cells, shi da kansa ya fito a 2017 ya ce a canza sunan, domin yana sa marasa lafiya su zaci za a tsirar musu da sabuwar tsoka ko sabon guringuntsi, alhali aikin ƙwayoyin aika saƙo ne.

A wurina nan ne gaba ɗayan maganar take. In aikin allurar sulhu ne, to amfaninta yana ga gidan da saura kayan da za a ceta. Gaɓar da ciwo ya fara taɓawa, guringuntsinta na nan da sauransa, ita ce za ta mora. Wadda ƙashi ya riga ya haɗu da ƙashi, ko an zuba mata miliyan ɗari ba abin da za su tarar.

Lasisin da aka bayar a Turai ma haka ya nuna. A 2019 Tarayyar Turai ta amince da magani na farko na ƙwayoyin tushe don dabbobi, mai suna Arti-Cell Forte, wanda wani kamfanin Beljiyam ya haɗa, daga baya Boehringer Ingelheim ya saye kamfanin. A shekarar dai aka amince da na biyu, HorStem, na wani kamfani a Sifaniya. Dukansu sun kauce wa jiran makonni, domin daga jikin wasu dawakin aka tanade su: na farko daga jini, na biyu daga igiyar cibiya. Gwajin da aka yi wa na farko ya ƙunshi dawaki 75 masu ciwon idon sawu, 50 aka yi musu maganin, 25 aka yi musu ruwan gishiri, kuma waɗanda suka samu maganin sun fi sauran warwarewa ƙwarai. Wannan shaida ce mai nauyi, domin an yi gwajin da abokin karawa. Hausawa sun ce doki ɗaya a fage gudu gare shi, kuma yawancin labaran da ke yawo a waya irin wannan ne: doki ɗaya, allura ɗaya, ba wanda ya tambaya ko hutun wata biyu kaɗai zai iya kawo wannan sauƙin. Sai dai a karanta abin da aka rubuta a takardar magungunan biyu. Ɗingishi mai sauƙi zuwa matsakaici aka ce, a gaɓar da ba ƙwayar cuta a ciki. Ba wanda ya yi alkawarin tayar da gurgu.

Wannan ya shafi mutane ma, shi ya sa zan ɗan ratse. Iyayenmu da yawa masu ciwon gwiwa sukan ji labarin irin wannan allura a asibitocin ƙasashen waje, a kira musu kuɗi masu yawa. A 2023 aka wallafa wani babban gwaji da aka yi a Amurka a kan mutum 480 masu amosanin gwiwa, aka kwatanta nau'i uku na allurar ƙwayoyin halitta da allurar sitiroid ta yau da kullum. Bayan shekara guda babu wadda ta fi sitiroid ɗin rage zafi. Duk mai shirin sayar da gona don kai tsohuwarsa, ya san da wannan.

Mu dawo turken kawu. A ce kuɗin Yuro ba matsala ba ne, ko da yake ga mafi yawan masu dawakinmu linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Me ake buƙata kafin allurar ta yi amfani a Argungu ko Gwandu ko Yauri?

Da farko sai an tabbatar ciwon na gaɓa ne, kuma wace gaɓa. Ɗingishi fuskoki gare shi. Ƙusa ko ƙaya a kofato, ruɓewar tafin kofato saboda tsayuwa cikin fitsari, yagewar agara, ciwon kofato da ke biyo bayan cika wa doki hatsi, duk suna sa ɗingishi, kuma babu wanda allurar gaɓa za ta taɓa. Likita yakan sa a ja dokin da sassarfa a ƙasa mai tauri ya kalli kansa: in ƙafar gaba ce, kan yakan ɗaga sama lokacin da mai ciwon ta taka. Ya lanƙwasa gaɓar ya riƙe ɗan lokaci, ya saki a sake ja, ya ga ko ɗingishin ya ƙaru. Ya kashe jijiyoyin jin zafi mataki-mataki daga ƙasa zuwa sama har ɗingishin ya ɗauke, nan ne ciwon yake. Sannan hoton ƙashi ya faɗi ko saura me a ciki. Irin wannan cikakken bincike sai manyan wurare kamar asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Sai sanyi. Waɗannan ƙwayoyi rayayyu ne, ba garin magani ba ne da za a jefa a aljihu. Arti-Cell Forte a daskare yake tafiya, a sanyin digiri 70 zuwa 90 ƙasa da sifili, wanda firjin gida ko na mai ƙanƙara bai kusa kai wa ba, kuma da an narkar da shi sai a yi amfani da shi nan take. HorStem a firji ake ajiye shi, amma kwanakinsa ƙididdigaggu ne. Mu kuwa a watan Afrilu zafinmu kan haura digiri 40, wutar lantarki kuma kowa ya san halinta. Ba cewa nake ba zai yiwu ba; masu yi wa shanu baye ta hanyar allura sun daɗe suna yawo da tulun sanyi a ƙasar nan. Amma duk wanda ya zaro maka kwalba daga jaka a kasuwar dabbobi ya ce ƙwayoyin tushe ne, ko dai gawarsu ce a ciki ko kuma ba su taɓa shiga ba. Ka nemi lambar NAFDAC, ka nemi shaidar cewa mai allurar likitan dabbobi ne mai rajista.

Soka allurar ma ba wasa ba ne. Gaɓa rufaffen ɗaki ne, ƙwayar cuta in ta shiga tare da allura tana iya cinye guringuntsi cikin kwanaki, doki ya rasa ƙafar ko ransa. Dole a wanke wurin kamar za a yi tiyata. Akwai kuma wani tarko: wasu sukan haɗa allurar gaɓa da maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su jentamaisin don kariya, alhali an gwada an ga yana kashe ƙwayoyin tushen su ma. Ko an yi komai daidai, wasu dawakin gaɓar kan kumbura ta yi zafi na 'yan kwanaki bayan allurar, abin da ke buƙatar likita a kusa ya bambance shi da shigar cuta.

Na ƙarshe shi ne wanda kuɗi ba ya saye, kuma shi ne ya fi yi mana wuya: hutu. Bayan allurar doki yakan yi kwanaki a barga, sannan makonni ana jan sa da hannu, kafin a koma sassarfa a hankali. Mai neman allura don dokinsa ya fita hawa nan da wata biyu ya zo da buƙatar da ta ci karo da maganin kansa.

A nan nake ganin ya kamata mu kalli kanmu, domin yadda muke riƙon dawaki yana cikin abin da ke cinye gaɓoɓinsu. Doki ya shafe watanni a turke, dabaibayi a ƙafa, ana zuba masa dawa da dusa da harawa har ya yi ƙiba, guringuntsin da motsi ke ciyar da shi yana zaune da yunwa. Sallah saura mako a kwance shi a fara kilisa, an manta ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar hawa a ɗora masa kaya masu nauyi, a sake shi a guje a kan kwalta ko ƙasar da rani ya mayar kamar dutse, a zo gaban sarki a ja linzami da ƙarfi ya tsaya cak a kan ƙafafun baya. Jinjinar nan ita ce ƙawar hawa, ni ma tsigar jikina tashi take in na gani, amma gaɓoɓin baya ne ke biyan kuɗinta. Ga hawan dukushi tun ƙashinsa bai gama ƙosawa ba. Ga kofato da ake bari ya yi tsawo ta gaba, wanda ke ƙara wa idon sawu lanƙwasa a kowane taku. Gyaransa kuwa duk bayan mako shida zuwa takwas ne. Samarin da ke hayar doki ranar biki su yi ta zagaye gari da shi tun hantsi har magariba, wannan kuma magana ce ta wata rana.

Kawu dai ya aika aka zo da likitan dabbobi daga Birnin Kebbi. Ya sa aka ja bikilin da sassarfa a ƙofar gida, ya lanƙwasa ƙafar ya riƙe, aka sake ja, ɗingishin ya fito sosai. Ya duba kofaton ya ce ya yi tsawo, a rage shi a daidaita. Ya rubuta buta na 'yan kwanaki kaɗan, ya ce a bar man kaɗe tukuna a riƙa kwarara wa gaɓar ruwan sanyi safe da yamma, a rage hatsi, a cire dabaibayi. In kumburin ya sauka a riƙa jan sa da hannu da sassafe a ƙasa mai laushi ta bakin fadama, kada kowa ya hau. Batun allurar waya kuwa ya ce sai an kai shi Sakkwato an ɗauki hoton ƙashi an ga abin da ya rage a gaɓar, kafin ma a san ko maganar tana da wurin zama.

Kawu ya yi shiru, sannan ya ce, "To likita, babbar Sallah fa?"

Baba ne ya amsa, bai ko ɗago daga inda yake kwance dabaibayin ba. "Alhaji, a aro wani. Wanga bana kallo za shi yi."